ALHAJI MUHAMMADU BELLO KAGARA, WALIN KATSINA (1890–1971): MAWALLAFIN GANƊOKI

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu 'yan asalin ƙasar Bagudo da muka yi makarantun kwana a Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri tsakanin shekarun 1960 da 1980, ba a cikin aji muka fara jin daɗin karatun Turanci ba. A ɗakin kwana muka fara jinsa, bayan an kashe fitila, mun shiga bargo da tocila muna bin wasu ƙananan littattafai masu hoton mahayin doki da malafa a bangonsu, waɗanda muke kira littattafan kaboyi. Littafi ɗaya kan zaga ɗaki baki ɗaya har bangonsa ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace, sai wanda ya riga karantawa ya ƙarasa wa na baya labarin da baki. Wanda ya gama na Louis L'Amour shi zai gaya maka ka nemi na Zane Grey, kai kuma ka yi masa alkawarin na J. T. Edson idan an dawo hutu. Waɗanda suka samu shiga silima a Sakkwato ko Kano sukan dawo da tafiyar kaboyi da karkace hula.

Yau ga shi mun zama iyaye da kakanni a Abuja da Kaduna da Kano da Legas da Fatakwal. Har yanzu idan an haɗu wurin biki ko taron ƙungiya, akan ji wani yana ba ɗan'uwansa shawara ya nema wa yaransa irin waɗannan littattafai, ko Allah ya sa su rage zaman waya. Shawara ce mai kyau, kuma muna goyon bayanta. Sai dai mun lura ba kasafai muke tuna cewa mu ma muna da namu labarin mahaya dawaki ba, wanda aka rubuta da harshenmu tun 1934, a kan yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasarmu. Wannan ne ya sa a fitowar bana muka ga ya dace mu kawo tarihin wanda ya rubuta shi, Marigayi Alhaji Muhammadu Bello Kagara, Walin Katsina. Shi dai ba ɗan Bagudo ba ne, amma guguwar da ta tashe shi daga gida yana yaro, ita ce ta shata iyakar da ke bayan gidajenmu a Illo da Lolo da Tsamiya.

Littattafan Kaboyi a Taƙaice

Saboda ƙannenmu da ba su riski wancan zamani ba, ya kamata mu fara da ɗan bayani. Kaboyi dai makiyayin shanu ne a kan doki, wanda masu garke ke ɗauka aiki suna biyansa lada. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka shiga koro shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar ɗaruruwan mil, domin a kai su kasuwannin gabas. A 1869 aka haɗa gabashin ƙasar da yammacinta da layin dogo, sai baƙi suka yi ta kwarara yamma neman gona da zinariya, suna ture 'yan asalin ƙasar, waɗanda muke kira Indiyawan Daji. Zamanin koron shanun bai wuce kimanin shekara 20 ba, kuma da yawa daga cikin makiyayan baƙar fata ne da mutanen Meziko, ko da yake ba kasafai littattafan ke nuna haka ba.

Daga wannan ɗan gajeren zamani marubuta suka gina wani fanni na ƙagaggun labarai. Owen Wister ya fitar da The Virginian a 1902, wanda ake ɗauka shi ne ya kafa wa fannin tsari. Zane Grey, wanda likitan haƙori ne kafin ya koma rubutu, ya fitar da Riders of the Purple Sage a 1912. Jack Schaefer ya rubuta Shane a 1949, a kan rikicin masu manyan garke da ƙananan manoma, sa'an nan Louis L'Amour ya fito da Hondo a 1953. Kusan dukkansu zubinsu ɗaya: ƙasa ce ta bakin iyaka inda hukuma ba ta kafu ba, ga jarumi da dokinsa da bindigarsa, ga azzalumi da 'yan barandansa, a ƙarshe a yi karo. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta kogi da shanu da burtali da kasuwar iyaka, ba sai an yi masa dogon bayani kafin ya gane irin wannan labari ba.

Haihuwarsa da Zamanin da Ya Taso

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1890. Mahaifinsa shi ne Malam Shehu Usman, Alƙalin Kagara, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, kuma a wancan lokaci yana ƙarƙashin Sarkin Sudan na Kwantagora. Gidansu gidan malamai ne da asalinsu ya fito daga ƙasar Barno. A gaban mahaifinsa ya fara karatun allo da na littattafan addini, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan malam.

Shekarar haihuwarsa abar lura ce. A 1890 ne sojojin Amurka suka yi wa Indiyawan Daji na ƙabilar Lakota kisan gilla a Wounded Knee, abin da ake ɗauka a matsayin ƙarshen yaƙe-yaƙen yammacin ƙasar. A wannan shekara kuma, cikin watan Agusta, Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka raba ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Wato lokacin da zamanin bakin iyaka ke rufewa a Amurka, a lokacin namu yake buɗewa.

Ƙasarmu tana tsakiyar wannan rububi. A 1894 Kyaftin Lugga na Ingila da Kyaftin Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki, babban birnin Bargu, kowa yana son ya riga ƙulla yarjejeniya da sarki. A 1897 sojojin Faransa suka shiga Busa, Ingila kuma ta kafa rundunarta ta tsaron iyaka a ƙarƙashin Lugga, har aka yi fargabar ƙasashen biyu za su gwabza a gaɓar Kwara. Ba a sasanta ba sai ranar 14 ga Yuni, 1898, a birnin Faris, inda aka amince iyaka ta faɗa Kwara a wani wuri mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Da wannan aka tsaga Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, cikin ƙasar da aka kira Dahome kuma ta koma Benin a 1975, Busa da Illo suka zauna a hannun Ingila. Daga baya Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu. Abin da ya sa ke nan har gobe muke da dangi a Segbana da Kandi da Malanbil, harshe ɗaya da auratayya, amma takardun shaida daban.

Gudun Hijira

Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa, gari ne na mayaƙan doki. Ɗansa Ibrahim, wanda ke kan gadon sarauta lokacin ƙuruciyar Bello, ya shahara da jarunta, ya kuma shahara da kai hare-haren kamun bayi a kan Gwarawa da Kambari da sauran maƙwabta. Bayan Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, Kwantagora da Bida na cikin waɗanda ya fara sa wa ido. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kwantagora. Sarkin Sudan Ibrahim ya fita da jama'arsa ya yi arewa, ya faɗa ƙasar Zazzau.

Cikin waɗanda suka bi shi har da iyayen Bello, shi kuma a lokacin yana ɗan kimanin shekara 11. Yaro mai waɗannan shekaru ya isa ya riƙe abin da idonsa ya gani. Ya ga barade da sulke da lifidi sun kasa tsayawa gaban bindiga mai ruwa, ya ga manya da yake ganin ba abin da zai tashe su sun ɗauki kaya a ka, ya kuma ji labaran da ake bayarwa da dare a sansani. A 1902 Turawa suka kama Sarkin Sudan, suka tsare shi, sa'an nan suka mayar da shi kan sarautarsa a 1903. A wannan shekarar ce Kano ta faɗi cikin Fabrairu, Sakkwato cikin Maris, kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi hijira gabas da dubban jama'a, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Da ƙura ta lafa iyalin Malam Shehu suka koma gida. Waɗannan abubuwa ne Bello ya ajiye a zuciyarsa har shekara 30, kafin ya zuba su a takarda.

Karatunsa da Koyarwarsa

A 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa, Kano. A lokacin iyaye gudun boko suke yi, wasu sarakuna ma 'ya'yan bayinsu suke turawa a madadin nasu. Bello na cikin matasan farko da suka shiga wannan makaranta, ya kuma shige ta ne da karatunsa na Larabci a hannu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda ya gudu daga gaban Turawa shekaru kaɗan da suka wuce. Ya fahimci cewa abin da ya ci Kwantagora ya wuce ƙarfin damtse, kuma wanda ke son ya san sirrin abin sai ya zauna ya koya.

Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a makarantar lardi ta Zariya. Bayan an buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a 1921, Gwamna Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a 1922, aka kai shi can ya riƙa koyar da Larabci da addinin Musulunci. Wannan kwaleji ita ce ta koma Kaduna a 1938, daga nan ta koma Zariya, inda aka san ta da sunan Barewa. A shekarun da Malam Bello ke koyarwa a Katsina ne Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, suka yi karatu a wurin. Yawancin malaman Turawa ne, saboda haka malami ɗan ƙasa irinsa shi ne madogarar iyayen da ke tsoron kada boko ya raba 'ya'yansu da salla.

Haka kuma a Katsina ne ƙanensa Abubakar, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya zo ya zauna a hannunsa ya yi karatu. Wannan ƙane shi ne Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Magana Jari Ce, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Mutane da yawa sun san ƙanen ba su san wan ba, alhali kuwa wan ne ya share masa hanya.

Gasar 1933

Kafin shekarun 1930, rubutun Hausa ya fi ƙarfi a waƙoƙin wa'azi da na ilimi cikin ajami. Tatsuniya kuwa ta mata ce da yara da dare, malami ba ya zama ya rubuta abin da bai faru ba. Makarantun boko suna ta yaye ɗalibai, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Ganin haka Dakta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa a 1933 yana roƙon malamai su gwada rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa a kai.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Su ne tushen ƙagaggun labaran Hausa na zamani. Abin sha'awa, biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, na uku kuma ɗalibin kwalejin da Malam Bello ke koyarwa ne ya rubuta. Shi Malam Bello a lokacin ya haura shekara 40, malamin addini ne da ake girmamawa, saboda haka shigarsa gasar ta taimaka wajen nuna wa jama'a cewa rubuta labari ba zubar da girma ba ne.

Abin da Ganɗoki Ya Ƙunsa

Ganɗoki tsohon barde ne da ke ba yara 'yan makaranta labarin rayuwarsa da bakinsa. Kashin farko na labarin yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da tarihi: zamanin Sarkin Sudan Ibrahim, da zuwan Nasara, da faɗuwar Kwantagora, da gudun hijira, har zuwa bin Sarkin Musulmi Attahiru da karon Burmi. A nan ne mai karatu zai ji cewa marubucin ya shaƙi ƙurar abin da yake faɗi. Daga nan labarin ya sauya kama. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa duniyar aljannu da ƙasashe masu nisa, suna yaƙi suna cin nasara suna musuluntar da waɗanda suka ci. A ƙarshe ya komo gida ya tarar zamani ya juya, mulkin Turawa ya zauna da gindinsa, takobi ba shi da sauran aiki.

Wasu manazarta suna ganin kashi na biyu ramuwa ce ta zuci: nasarar da aka rasa a Burmi ita ce marubucin ya ba jaruminsa a ƙasar aljannu. Mu ma muna ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan fahimta, musamman idan aka tuna cewa hukumar Turawa ce za ta buga littafin, kuma ma'aikacinta ne ya rubuta shi. Duk da haka bai ɓoye cewa an yi yaƙi ba, bai kuma mayar da waɗanda suka tsaya gaban Nasara wawaye ba. Ta fuskar harshe kuwa, littafin cike yake da kirari da sunayen kayan yaƙi da na doki waɗanda yawancin yaranmu na birni ba su taɓa ji ba. An gina shi ne don kunne, shi ya sa ya fi daɗi idan ana karanta shi a bayyane.

Ganɗoki da Kaboyi

Wanda ya saba da littattafan kaboyi zai ga kamanni da yawa. Ga doki, ga jarumi da ba ya ja da baya, ga ƙasa mai faɗi da hukuma ba ta gama riƙewa ba, ga kuma baƙin cikin mutumin da zamaninsa ke ƙarewa a kan idonsa. A littattafan Amurka jirgin ƙasa da waya da shingen ƙarfe ne ke kawo ƙarshen kaboyi. A Ganɗoki ma sabon zamani ne ya sauke barde daga kan sirdi.

Bambancin shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. Yawancin littattafan kaboyi jikokin waɗanda suka ci ƙasa ne suka rubuta su, shi ya sa Indiyawan Daji ke fitowa a matsayin maharan da ake harbewa ba a ko tambayi sunansu ba. Mun tuna yadda muke tafi a silima idan sojan doki sun iso sun tarwatsa su, ba mu san cewa a tarihinmu mu ne ke tsaye a inda suke tsaye ba. Ganɗoki kuwa daga bakin wanda aka ci da yaƙi ya fito, kuma wanda ya rubuta shi da ƙafarsa ya yi gudun.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Shi ma Ganɗoki yana da nasa Indiyawan Dajin, wato mutanen da labarin ke kira arna, waɗanda ake kai wa hari ana kamawa ba tare da an ji ta bakinsu ba. Mu mutanen Bagudo ba za mu karanta wannan mu wuce ba, domin ƙasarmu ta tara Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa da Kambari, kuma a cikinmu akwai jikokin mahaya, akwai jikokin waɗanda suka kwana a kan duwatsu da tsibirai don gudun mahaya. Yau duk mun zama dangi, muna salla sahu ɗaya, muna cin kasuwa ɗaya. Idan za mu ba yaro wannan littafi, wajibi ne mu zauna da shi mu gaya masa ɗaya ɓangaren, kamar yadda ya kamata mu yi idan mun ba shi na kaboyi.

Alƙalanci, Sarauta da Rasuwarsa

Bayan ya daɗe yana koyarwa, Malam Bello ya koma fannin da ya gada, wato shari'a. Ya yi alƙalanci a En'e ta Katsina, daga bisani aka naɗa shi Walin Katsina, muƙamin da ke sa mai shi cikin manyan mashawartan sarki a kan al'amuran shari'a. Ya yi wannan hidima a zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944.

Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka buga shi a Zariya a 1951. Dikko sarki ne da ya san doki, ya kuma rungumi sabon zamani: a lokacinsa wasan folo ya kafu a Katsina, ya je Makka ya je Ingila a 1921, kuma a garinsa aka gina kwalejin da Bello ya koyar. Ana iya cewa littattafan biyu suna amsa wa juna, domin na farko labarin wanda ya yi faɗa da zamani ne, na biyu kuma na wanda ya zauna da zamani ya ci moriyarsa.

Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Bello Kagara rasuwa a 1971, yana da kimanin shekara 81. Ya ga zuwan Turawa yana yaro, ya ga tafiyarsu a 1960 yana dattijo, ya ga ɗaliban kwalejinsa sun riƙe ƙasa, ya kuma ga kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

A 1966 wani mai shirya fim na Jamhuriyar Nijar, Moustapha Alassane, ya yi wani ɗan gajeren fim a kan saurayin da ya dawo ƙauyensu daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garin da sata da faɗa. A lokacin abin dariya ne. Yau kuwa mun ga yadda mutum da bindiga a ƙasar da hukuma ta yi nisa yake a zahiri, sai dai babur ya maye gurbin doki. A watan Fabrairun 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Kagara, garin Bello da Imam, suka kashe ɗalibi suka kwashe wasu da malamansu. A watan Yunin wannan shekarar aka yi irin haka a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, nan cikin jiharmu. Saboda haka abin da yaro zai ɗauka daga labarin jarumi ba wasa ba ne. Mutumin da ya rubuta Ganɗoki ya san yaƙi tun yana ɗan shekara 11, amma allo da alli da kujerar shari'a ya zaɓa, kuma a gaban 'yan makaranta ya zaunar da jaruminsa.

Shawararmu ga 'yan uwa mazauna birane ita ce, duk mai neman abin da zai ba ɗansa ya karanta, ya fara da Ganɗoki, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya sha sake bugawa. Littafi ne ƙarami, ana iya gama shi cikin 'yan darare idan uba ko uwa na karanta wa yara bayan sallar isha'i, ana tsayawa ana fassara musu kalmomin da suka shige musu duhu. Bayansa a bi da Shaihu Umar, wanda ke ba da labarin wannan zamani daga bakin yaron da aka sace aka sayar, domin shi ne ke cike giɓin da muka ambata. Wanda yaronsa ke karanta Turanci ya ba shi Shane, domin rikicin makiyayi da manomi da ke ciki ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san hanyar Ka'oje da damina. Idan ya ƙara girma a haɗa masa da Bury My Heart at Wounded Knee na Dee Brown, wanda ya fito a 1970, littafin tarihi da ya ba da labarin yammacin Amurka ta fuskar Indiyawan Daji.

Haka kuma muna roƙon duk wanda ke da tsofaffin littattafai jibge a kwali, na Hausa ko na Turanci, ya tuna da makarantun gida idan zai zo hutun salla. Yaran Zagga da Bahindi da Lolo suna da ƙishin karatu irin wanda muka yi, abin karantawar ne babu.

A ƙarshe, muna tunatar da masu ilimin cikinmu cewa Bello Kagara ya jira shekara 30 kafin ya rubuta abin da ya gani, amma dai ya rubuta. Mu kuwa labarin yadda Faransawa da Ingilishi suka yi ja-in-ja a kan Illo, da na fataken da ke ƙetare Kwara a Giris da goron Gwanja, da na makiyayan da ke kai shanu Bargu su komo, yawancinsa yana bakin tsofaffi ne, tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi. Wanda duk ya je gida bana ya ɗauki littafin rubutu ko wayarsa, ya zauna gaban kakansa ya yi tambaya, ya aiko mana da abin da ya samo domin fitowa ta gaba. Allah ya ba mu iko, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.